Bidi'a a Addinin Kirista: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

A ƙasar Gwarzo da Kabo, inda Musulmi suke cin kasuwa ɗaya da 'yan'uwansu Hausawa Kirista, waɗanda galibinsu jikokin Maguzawa ne, akwai zantuka game da saɓanin aƙidar Nasara da ake ta juyawa a majalisu, har yawan faɗa ya sa musu rigar ilimi, alhali kuwa idan aka bi su da tahaƙiƙi, sai a iske gaskiya da ƙari a cakuɗe.

Wanda ya fi yawo shi ne cewa a taron Nikiya, shekara ta 325, Sarkin Rum Kustantin ya zaɓi Linjila huɗu, ya ƙone saura, ya kuma tsine wa wani malami mai tauhidi irin namu, wai shi Ariyus. Taron dai an yi shi, Ariyus kuwa, limami ne a Iskandariyya, an hukunta maganarsa da bidi'a, an kore shi, an ba da umarnin ƙona rubuce-rubucensa; duk wannan sahihi ne. Amma zaɓen littattafai ba ya cikin abin da aka zauna dominsa, domin tun wajen 180 malaminsu Ireniyus ya riga ya ambaci Linjila huɗun nan a matsayin abin dogaro. Shi kuma Ariyus, ko da yake ya ce Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi, bai ɗauke shi annabi kawai ba: ya kira shi Ɗa, ya ce ta hannunsa aka halicci sammai da ƙassai, ya kuma yarda an gicciye shi. Duk mai jawo shi cikin sahun Musulmi, ashe bai karanta da'awarsa ba.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi, a ganina, shi ne cewa wannan mujadala ita ta tilasta wa ikilisiya rubuta aƙidarta kalma bayan kalma, aka cike ta a Kustantiniyya a 381, ita ce kuma ake karantawa a coci-coci da dama har yau. Sai dai ijma'in bai hana tsagewa ba, don bayan taron Kalsidon na 451 Kibɗawan Masar suka ware, Habasha ta bi su.

Batun Linjilar Barnaba, wadda ake cewa ita ce ta asali da aka ɓoye, gajere ne. Tsofaffin kofenta biyu, na Italiyanci da na Sifaniyanci, ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa ba, kuma a cikinta an musanta cewa Isa ne Almasihu, laƙabin da Alƙur'ani da kansa ya tabbatar masa.

Saura na gida, wato Isawa, waɗanda wasu ke ce wa ɓatacciyar ɗariƙar Kirista da Turawa suka shuka. Ba haka ba ne. Jagoransu Malam Ibrahim, wanda aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, malamin Musulunci ne da ya fifita Annabi Isa, alaihissalam, bisa abin da ya fahimta daga Alƙur'ani, tun kafin wani ɗan mishan ya taka Kano. Saboda haka in za a yi wa aƙidarsa hukunci, a ma'aunin malamanmu za a ɗora ta. Bayan an kashe shi, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Inda jita-jitar ta samo tushe shi ne, wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka je wa Likita Mila na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka zaunar da su a Gimi, inda ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga can kuma Wusasa, sa'ad da mishan ɗin ya ƙaura a 1929.