Ahfad: Jami'ar matan Sudan da ta faro da ƴan mata 17 a cikin gida

A shekarar 1907 wani tsohon mayaƙin Mahadi mai suna Babikr Badri ya tara ƴan mata 17 a gidansa da ke garin Rufa'a, a bakin kogin Nilu, ya fara koya musu karatu da rubutu. Tara daga cikinsu ƴaƴansa ne, sauran takwas kuma ƴaƴan maƙwabta. Daga wannan aji ne aka samu Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman a yau.

Babikr na cikin waɗanda suka tsira a yaƙin Omdurman na 1898, inda sojojin Ingila da Masar suka murƙushe daular Mahadi. Lokacin da ya nemi izinin buɗe makarantar, Turawan mulkin mallaka sun yi ɗari-ɗari don gudun fushin jama'a. A ƙarshe suka amince, bisa sharaɗin ya yi ta da sunansa, da kuɗin aljihunsa. Saka ƴaƴansa a sahun farko ya rage tsoron iyaye, tun da ba wanda zai ce ya yi gwaji da ƴar wani ya ɓoye tasa.

Ya rasu a 1954, ɗansa Yusuf Badri ya ci gaba da aikin. A 1966 Yusuf ya buɗe kwalejin mata zalla a Omdurman da ɗalibai 23. Sunanta Ahfad, wato "jikoki" da Larabci. Kwalejin ta buɗe sashen koyon aikin likita a 1990, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1995, shekarar da Yusuf ya rasu. Ɗansa, Farfesa Gasim Badri, shi ya karɓi ragamar.

Abin da ya fito da sunan Ahfad shi ne tura ɗalibai ƙauyuka a matsayin wani ɓangare na karatu. Suna zama da matan karkara, suna tattaunawa kan lafiyar uwa da jariri, abinci mai gina jiki da illar kaciyar mata.

Sai dai akwai abin lura a shugabancinta: makaranta ce ta mata, amma kaka, ɗa da jika, duk maza daga gida ɗaya, su suka riƙe ta fiye da shekara 100. Matan gidan ba su zauna a baya ba. Farfesa Balghis Badri, alal misali, ta jagoranci cibiyar jami'ar mai nazarin al'amuran mata da zaman lafiya. Riƙon gida ɗaya ya taimaka wa makarantar ta tsallake juyin mulki da sauye-sauyen gwamnatoci ba tare da ta canza alƙibla ba, amma kujerar ƙoli ta daɗe tana jiran mace.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya rufe azuzuwan Omdurman, ya tarwatsa malamai da ɗalibai zuwa wasu jihohi da ƙasashen maƙwabta. Aikin da ke gaban shugabannin Ahfad shi ne tattaro waɗannan ɗalibai su ƙarasa karatunsu, kafin aure ko wahalar gudun hijira ta raba su da shi.