NA'URA MAI GADIN WUTA: YADDA AKE HAƊA TA DON MURHUN HAYAƘI

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban tukuba ko murhun banda ya san nama ba ya son wutar gaggawa, ita kuma wuta ba ta son a juya mata baya. In ta yi yawa, bayan nama ya ƙone cikinsa na ɗanye. In ta mutu tsakar dare, dukiya ta lalace kafin asuba. A wannan mako, ya ku masu karatu, za mu leƙa ƙasar Amurka, inda masu son gashi sunka ƙera wa kansu wata ƴar na'ura mai gadin wuta, mu ga yadda ake haɗa ta, da abin da za mu ƙaru da shi daga gare ta.

Gashin da ke kwana bisa wuta

Amurkawa na da wani gashi da suke kira barbakyu. A jihar Tekzas, naman ƙirjin sa shi ne sarkin wannan gashi. Ba a aza shi bisa harshen wuta kamar tsire ko balangu. Cikin rufaffen murhu ake sa shi, nesa da garwashi, zafi da hayaƙin itace su yi ta ratsa shi sannu a hankali. Zafin da ake nema bai wuce digiri 107 zuwa 120 ba a ma'aunin Selsiyus, kuma babban ƙirji kan kwashe awa 10 zuwa 16 kafin ya nuna.

Dalilin wannan jinkiri shi ne ƙirji nama ne mai jijiya da tauri. Sai zafin cikinsa ya haura digiri 70, ya kuma daɗe a haka, jijiyar ke narkewa ta zama danƙo irin na romon ƙafar saniya. Yawanci sai cikin naman ya kai digiri 90 zuwa 95 ake sauke shi. Ke nan mai gashi na da aikin tsare wuta a matsayi ɗaya tun daga magariba har hantsi. Wahalar wannan kwanan zaune ita ta haifi na'urar. Kamfanoni na sayar da irinta, amma da yawa sun gwammace su haɗa tasu. Wani Ba'amurke mai suna Bryan Mayland ma ya ƙera wadda ake kira HeaterMeter, ya bar zanenta da tsarinta a fili ga duk mai so.

Sirrin wuta iska ne

Kowane maƙeri ya san gawayi ba ya ci sai da iska: in ya danna zuga-zugi wuta ta tashi, in ya saki ta kwanta. Murhun hayaƙi na da kafa biyu, ɗaya a ƙasa inda iska ke shiga, ɗaya a bisa inda hayaƙi ke fita. Wanda ya mallaki kafar ƙasa ya mallaki zafin murhu. Aikin na'urar duka ke nan: ta auna zafi, ta gwada shi da wanda anka umurce ta, sa'an nan ta ƙara iska ko ta rage.

Kaya huɗu ake bukata. Na farko tsinken awo, wanda masana ke kira termokupul. Wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da anka haɗe bakinsu. In mahaɗin ya yi zafi sai ya fidda ɗan ƙarfin lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a shekara ta 1821. Irin da anka fi amfani da shi, mai alamar K, na ba da kimanin kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya ga kowane digiri. Da yake wannan ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ana haɗa shi da ɗan allo mai lamba MAX6675, wanda ke maida shi alƙaluma, daga digiri 0 har sama da 1000.

Na biyu ƙwaƙwalwa, wato allon Arduino, wanda anka fara ƙerawa a garin Ibreya na Italiya a shekara ta 2005 don ɗalibai. Samfurin Uno, mai girman tafin hannu, ya wadatar. Na uku ƴar fanka mai bolt 12, irin mai siffar dodon-koɗi, don ta fi iya tura iska cikin bututu. Na huɗu makunni, wato taransisto irin MOSFET, misali mai lamba IRLZ44N, saboda Arduino ba shi da ƙarfin juya fanka da kansa. Sai a ƙara diyod ɗaya, da ɗan gilashi mai nuna alƙaluma, da batirin babur.

Yadda ake haɗawa

A fara da tsinke. Wayoyinsa biyu na shiga allon MAX6675, shi kuma allon na da ƙafa biyar: biyu na wuta, uku na saƙo zuwa Arduino. In an ɗumama tsinke anka ga alƙalami na sauka maimakon hawa, an juya wayoyin ne, sai a musanya su.

Taransiston ƙafa uku gare shi. Ƙafar umurni na zuwa ga ɗaya daga ramukan Arduino masu alamar igiyar ruwa, kamar na 9. Ta tsakiya na kama baƙar wayar fanka, ta uku kuma ta tafi ƙafar ragi ta batir. Jar wayar fanka na tafiya kai tsaye ƙafar ƙari. Diyod ana gicciya shi tsakanin wayoyin fanka, gefensa mai zobe na duban jar waya, don ya shanye wutar da ke komowa baya in fanka ta tsaya. Cajar tarho ta mota na iya sauke bolt 12 zuwa 5 don ciyar da Arduino, amma wajibi ne ƙafar ragi ta kayan duka ta zama ɗaya. Mai gyaran rediyo da ya iya liƙi da dalma ba zai sha wuya nan ba.

Da wannan shiri Arduino na kunna fanka yana kashewa kusan sau 490 cikin daƙiƙa ɗaya. Gwargwadon tsawon kunnawar, gwargwadon gudun fanka, daga mataki 0 zuwa 255. Ana rubuta umurnin a kwamfuta, a zuba shi cikin allon ta wayar USB.

Wajen murhu, mai walda zai kafa bututun ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya a kafar ƙasa, a ɗaura fanka a bakinsa, don robarta kada ta narke. A sa ɗan marfi mai faɗawa da kansa in fanka ta tsaya, a toshe duk wata kafar da iska ke satar shiga, a bar ta bisa a ɗan buɗe. Tsinke kuwa a kafa shi daidai ragar nama, tazarar yatsa uku daga naman, kada ya taɓa ƙarfe.

Hankalin na'ura

Mai karatu na iya cewa: me zai hana a kunna fanka in zafi ya kasa, a kashe in ya kai? Amsa ita ce garwashin da anka hura ba ya lafawa nan take. Ko an kashe fanka zafi na ci gaba da hawa, ya zarce, sa'an nan ya faɗo ƙasa da inda ake so, a yi ta lilo har safe. Ta da wuta na da sauƙi, kwantar da ita ke da wuya.

Don haka ake amfani da lissafin da ake kira PID, wanda injiniya Nicolas Minorsky ya bayyana a shekara ta 1922 bayan ya lura da yadda matuƙan jiragen ruwa ke riƙe akala. Tambaya uku na'ura ke yi wa kanta kowane lokaci. Nawa ya rage in kai zafin da ake so? Tun yaushe nake kasawa? Da wane sauri zafin ke hawa ko sauka? Kamar direban babbar mota ne da ke sassauta ƙafa tun kafin ya iso tasha. Kowace tambaya na da nauyinta, kuma nauyin ya danganta da girman murhu. A fara da ta farko kaɗai, a ƙara ta biyu kaɗan-kaɗan, har alƙalami ya zauna wuri ɗaya.

Akwai tarko guda. In an buɗe marfi don duba nama, zafi na faɗuwa farat ɗaya, na'ura ta zaci wuta ce ta mutu, ta saki fanka da ƙarfi, alhali iska ta riga ta cika murhu. Maganinsa a rubuta mata cewa in ta ga irin wannan faɗuwa ta dakata na ƴan mintoci. Haka kuma, in zafin cikin nama ya tsaya wajen digiri 65 zuwa 75 na awoyi, kada a ƙara wuta. Ruwan naman ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Rigakafi ya fi magani

Kafin a amince da tsinke a gwada shi: cikin ruwan ƙanƙara ya nuna 0, cikin tafasasshen ruwa ya nuna 100, ko 98 zuwa 99 a wuri mai ɗan tudu kamar Damagaram. A tanadi ma'auni na biyu don cikin nama. Hukumar noma ta Amurka ta ƙayyade digiri 74 ga kaza, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga kifi da tsokar nama. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa wutar da ta mutu cikin dare ta fi asarar kuɗi, tana iya kai iyali asibiti.

Kada a hura gawayi cikin rufaffen ɗaki, don yana fidda iska mai guba marar wari mai kisa cikin barci. Amurkawa da yawa na yin murhunsu da tano mai cin lita 200, amma tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wata guba bai dace da abinci ba ko an wanke shi.

Ina ruwanmu?

Mu ma ƴan hayaƙi ne. Bandar kifin tafkin Cadi, daga yankin Difa, na ciyar da gidaje masu yawa, tana kuma shiga kasuwannin Najeriya. Gyaran murhun banda ba sabon abu ba ne a Afirka: a shekara ta 1969 anka fito da murhun Corkor a Gana tare da taimakon hukumar FAO, daga 2008 kuma anka ƙera na FTT-Thiaroye a Senegal, mai raba kifi da harshen wuta, mai tare kitse kada ya ɗiga bisa garwashi. Ɗigar kitse da baƙin hayaƙi su ke haifar da sinadarai masu jawo ciwon daji, waɗanda Tarayyar Turai ta tsananta dokarsu a 2014.

Na'urar gadin wuta ba ta aiki a buɗaɗɗen murhu, ba ta kuma gyara kifin da ya riga ya ruɓe. Sai an fara da murhu mai marfi, da tsabta, da busasshen itace. In waɗannan sun samu, wutar da ke ci daidai na rage ƙuna, tana rage cin gawayi a ƙasar da itace ke da tsada. Muna kira ga makarantun koyon sana'a da matasa masu gyaran tarho da su zauna da masu banda da mahauta, domin su ne sunka san zafin da kowane nama ke so. Na'ura alƙalamin da anka ba ta kawai take tsarewa. Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu.