Goge Alminiyam a Injin Tsohon Babur: Hanya da Iyaka

A Farin Dutse da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu da ke kudancin Jigawa, babur ne abin hawan da ke haɗa ƙauye da kasuwa, kuma har yanzu akan ga tsofaffin babura ƙirar Japan irin su Honda, Yamaha da Suzuki, waɗanda suka yawaita a Arewa bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970. Waɗannan babura sun shahara da ƙarko, sai dai murafan injinsu, waɗanda a da suke ƙyalli, kan dusashe su cika da karce da farin gari, har mai babur ya ɗauka ƙarfen ya lalace. Ana iya dawo da sheƙinsu, amma wajibi ne a fahimci cewa duk gogewa rage jikin ƙarfe ce, saboda haka sanin inda za a tsaya yana daga cikin gwanintar aikin.

Murfin kuloci, murfin maganeto da kan silinda duk akan zuba su ne da alminiyam da aka gauraya da wasu ma'adanai, musamman silikon, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, ga shi yana saurin fitar da zafi. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, domin da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda masana ke kira oksaid, wato abin da ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin. Fatar tana kare abin da ke ƙarƙashinta, amma idan danshi da gishiri ko ruwan batir suka daɗe a kanta sai ta zama farin gari, ta bar ƙananan ramuka. Bugu da ƙari, masana'antu kan shafa wa murafan banish marar launi, wanda ke komawa rawaya ya tsattsage idan ya tsufa, ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashinsa.

Yanayin kudancin Jigawa yana gaggauta wannan lalacewa ta fuska biyu. Da damina taɓo yana manne wa inji ya riƙe danshi, da hunturu kuwa iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ma'aunin taurin ma'adanai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ƙwayar yashi tana mataki na 7, alminiyam kuwa bai kai 3 ba, don haka wanda ya share ƙura da busasshen tsumma yana karce murfin da hannunsa ba tare da ya sani ba.

Aikin yana farawa da kwance murfin daga jikin inji bayan an tsiyaye baƙin mai, a wanke shi da kananzir, sannan da ruwa da sabulu marar kaifi, a cire tsohon banish da maganin cire fenti. Daga nan sai samfefa irin wadda ake jiƙawa, wadda lambar da ke bayanta ke nuna laushinta: ƙaramar lamba tana da kaushi, babba tana da laushi. Karce mai zurfi yana buƙatar a fara da 400, marar zurfi kuwa 800 ta wadatar, a hau zuwa 1200, a ƙare da 2000. Ana goga kowace lamba ta fuska ɗaya, idan an sauya lamba sai a gicciya, ta yadda ido zai gane ko sawun ta baya ya ɓace, kuma tsallake mataki ba ya rage aiki, domin karcen da aka bari yana fitowa fili da zarar murfin ya fara sheƙi. Ruwan da ake zubawa yana wanke garin ƙarfe, yana hana samfefa toshewa, yana kuma hana ƙurar tashi zuwa huhu.

Mataki na ƙarshe shi ne man goge ƙarfe, irin su Autosol, wanda ake shafawa kaɗan da tsumman auduga, a murza har tsumman ya yi baƙi, alamar cewa saman ƙarfen yana fita, sannan a share da wani mai tsabta. Mai amfani da injin goga ya guji dannawa a wuri ɗaya, domin zafi yana ɓata fuskar ƙarfen, faifan injin kuma yana cinye kusurwoyi da rubutun kamfani.

Akwai abubuwan da ake wanke tukunya da su waɗanda ba su dace da inji ba. Toka, kanwa da soda suna cin alminiyam su bar shi da tabo, soson ƙarfe da burushin waya kuwa suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikinsa, wanda ke tsatsa ya huda shi idan ya jiƙe. Haka nan akwai wuraren da ba a kai musu samfefa: bakin murfi inda gasket ke zama, domin idan ya karkace mai zai riƙa yoyo, fikafikan silinda, waɗanda wanki kawai suke buƙata don su ci gaba da sanyaya inji, da lambar inji, wadda ita ce shaidar mallaka a takardun babur. Ramin da ya yi zurfi ma barinsa ya fi, domin bin sa har ƙarshe yana sirantar da murfin da samun madadinsa ke da wuya, kada garin neman gira a rasa ido.

Murfin da aka goge ba shi da sauran banish, saboda haka zai sake dusashewa sai an kula da shi. Mai babur yana da zaɓi biyu: ya fesa sabon banish mai jure zafi, wanda ke rage sheƙi kaɗan amma ya daɗe, ko ya riƙa shafa kakin goge mota yana maimaita man gogewa lokaci-lokaci. Ko wanne ya zaɓa, ya fara zuba ruwa kafin tsumma ya taɓa ƙura, ya wanke taɓo kafin ya bushe, domin samfefa ba abar maimaitawa ba ce kowace shekara a kan ƙarfen da ba ya tofowa.