Masu yawo da motar-gida a Turai: ina ake kwana idan dare ya yi?

Mota ce mai gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, mai ita ya ɗebi iyalinsa ya yi ta zaga ƙasashe ba tare da ya biya kuɗin otal ba. Amma da zarar rana ta faɗi, sai tambaya ɗaya ta taso: a ina za a tsaya?

A Faransa amsar ta fi sauƙi. Ƙananan hukumomi da dama sun ware filaye da ake kira aire, inda direba zai ɗebi ruwa mai tsabta, ya zubar da ruwan wanke-wanke, ya juye tankin banɗaki a ramin da aka tanada. Wasu kyauta ne, wasu ana biyan 'yan yuro. Garuruwan ba don Allah kawai suke yi ba: baƙon da ya kwana zai sayi burodi da safe, ya sha mai, wataƙila ya ci abinci a gidan cin abinci.

Akwai kuma tsarin France Passion da aka fara a 1993. Manoma da masu gonakin inabi kan bar matafiyi ya kwana a gonarsu har awa 24 kyauta, in dai ya yi rajista kuma motarsa na da ruwanta da banɗakinta. Ba dole ba ne ya sayi komai, sai dai kunya kan sa mutum ya tafi da cuku ko zuma.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin teku. Manhajoji irin su Park4Night na nuna wa kowa wuraren da a da 'yan kaɗan suka sani, sai lungun da ke ɗaukar mota biyu ya wayi gari da tarin motoci. Mazauna na kokawa da shara da ƙazanta, shi ya sa wasu garuruwan suka kafa shingen ƙarfe mai tsayin kusan mita 2 a ƙofar wuraren ajiye motoci.

Portugal ta fi tsanantawa. A Janairun 2021 ta haramta kwana cikin irin waɗannan motoci a wajen wuraren da aka amince, bayan korafe-korafe musamman daga yankin Algarve. Masu motocin suka yi ca, kuma a Agustan shekarar aka sassauta dokar: ana iya kwana har awa 48 a ƙaramar hukuma ɗaya, ban da gandun da aka killace da yankunan gabar teku da doka ta kare. Wanda aka kama a irin waɗannan wurare tararsa na iya kai yuro 600.

A Faransa kuwa, barci cikin motar da aka ajiye bisa ƙa'ida ba laifi ba ne. Fito da kujeru da tebur da rumfa a kan titi shi ke mayar da ajiye mota ya zama kafa sansani, kuma a nan ne ɗan sanda ke ƙwanƙwasa ƙofa.