Ko Ka Sani? Wayarka Ba Ta Iya Rubuta Ushiri Daidai

Manomin Ibohamane, a ƙasar Adar, idan ya ɗaure gero ya zo fitar da zakka, dami ɗaya yake warewa cikin goma, ushiri ya fita cif babu shubuha. Amma wayar da ke hannun ɗansa, duk da saurinta wajen hisabi, ba ta da ikon rubuta wannan ushiri daidai. Dalili kuwa shi ne da 0 da 1 kaɗai take ƙirga, kuma kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a rubutunmu, sai dai 0.333 har illa ma sha Allahu, haka ushiri ba ya ƙarewa a nata. Da gurbin ajiya ya cika sai ta yanke, ta riƙe mafi kusa. Shi ya sa idan ta tara 0.1 da 0.2 sai ta sami 0.30000000000000004.

Wannan naƙasa tana bayyana a wasannin waya, inda ake taƙaita manyan adadi, a sa K maimakon dubu, M maimakon miliyan. Mai zinariya 1,150, idan aka raba rabonsa da dubu, hakkinsa ne ya ga 1.2K, to amma abin da na'ura ta ajiye shi ne 1.1499999 da 'yan kai, saboda haka sai ta nuna masa 1.1K, ba tare da kowa ya ƙudurta zaluntarsa ba.

Abin da ya fi ban al'ajabi yana can sama, a manyan adadi. Bisa ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985, wadda malamin lissafi William Kahan ya yi jagora wajen tsara ta, ƙaramin gurbi mai ɗigo 32, wato 0 ko 1 guda 32, yana riƙe cikakken adadi daidai har zuwa 16,777,216. Daga nan kuwa sai ya riƙa tsallake, bibbiyu, sa'an nan hurhuɗu, ta yadda yaro zai kwana yana ƙara ɗaya-ɗaya, dukiyarsa ta tsaya cak, ya ɗora wa wayarsa laifin da ba nata ba. Babban gurbi mai ɗigo 64 yakan ɗage wannan haddi zuwa 9,007,199,254,740,992, kuma akwai wasannin tara dukiya da ke ƙetare shi.

A ganina alhakin yana wuyan maginin wasa, domin maganin sananne ne: ya ajiye dukiya da cikakken adadi marar ɓurɓushi, ya yi dukan hisabinsa a kansa, kada ya taƙaita sai lokacin nunawa a fuskar waya.