Girka Linux a kan kwamfutar tafi-da-gidanka

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, alhali kuwa magajinsa, wato Windows 11, ba ya yarda ya sauka a kan na'ura sai ta cika wasu sharuɗɗa, ciki har da mallakar ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. To, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikata a Dakoro na hannu ne, sun ƙare wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta kasuwannin Kano da Maraɗi su iso nan, kuma ko da yake ƙarfensu lafiya lau yake, wannan hukunci ya bar su ba mai toshe musu kafar ɓarna. Mafitar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce a girka musu Linux.

Asalin wannan manhaja daga mutum biyu ne. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka, bisa aƙidar cewa haƙƙin mai na'ura ne ya karanta manhajarsa, ya gyara ta, ya kuma kwafa wa wanda ya so. A 1991 kuma wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da ta rage wa GNU, wato Linux. Daga haɗuwarsu aka sami rassa masu yawa, kamar Debian ta 1993, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, da Linux Mint. Kwafarsu halal ce, ba sata a ciki, ba kuma lambar lasisin da za a saya.

Amma kafin kowace manhaja ta farka, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin allon na'urar kanta, ita ke duba kayan ciki sannan ta nemo wanda za ta miƙa wa ragama. Tun daga kwamfutar IBM ta 1981 BIOS ke wannan hidima, sai dai tsarin rabon faifan da take bi ba ya wuce manyan kaso 4, ba ya kuma sanin abin da ya haura terabait 2. Saboda haka Intel ta soma wani sabon tsari a ƙarshen shekarun 1990, wanda gamayyar kamfanoni ta karɓa a 2005 da sunan UEFI. Shi wannan yana aiki da rabon faifai na GPT mai ɗaukar kaso har 128, yana kuma keɓe wani ɗan kaso, galibi megabait 100 zuwa 500, inda kowace manhaja ke ajiye fayil ɗin da ke tayar da ita. Wanda ya goge wannan kaso bisa jahilci ya rufe wa Windows da Linux ƙofa gaba ɗaya, ko da kuwa duk takardunsa suna nan a faifan.

Mas'alar da ta fi ruɗa masu gyara ita ce Secure Boot, wadda Microsoft ta wajabta wa masu ƙera na'urori tun fitowar Windows 8 a 2012. Ma'anarta ita ce UEFI ba zai tayar da wani fayil ba sai ya ga sa hannun da ya amince da shi, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai isnadinta ya sadu, amintacce daga amintacce. Da aka soma wannan, mutanen Linux sun ji tsoron an yi musu katanga, har Matthew Garrett ya rubuta wani ɗan fayil mai suna shim: Microsoft ta sa masa hannu, shi kuma ya tabbatar da GRUB, wato fayil ɗin da ke tayar da Linux, GRUB ya tabbatar da zuciyar Linux, silsila ta cika. Ubuntu da Fedora, da Debian tun daga fitowarta ta 10 a 2019, duk ta wannan hanya suke shiga. Don haka al'adar nan ta kashe Secure Boot tun kafin a gwada komai, wadda ta zama ruwan dare a shagunan gyara, a ganina gaggawa ce marar dalili, domin tana cire kariya daga mugun fayil mai laɓewa tun kafin na'ura ta tashi.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Da farko a kwashe muhimman takardu zuwa wani ma'aji dabam, in kuma faifan na kulle da BitLocker a rubuta mabuɗinsa a takarda. Sai a sauko da fayil ɗin manhajar, wanda yake gigabait 3 zuwa 6, nauyi ne kuwa ga mai sayen intanet a Airtel ko Moov ko Zamani, shi ya sa ya fi dacewa mutum guda ya sauko da shi, ko ya karɓo wurin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi, sauran su kwafa. A auna lambar SHA-256 ɗinsa da wadda masu shi suka wallafa, sannan a zuba shi da manhajar Rufus ko Ventoy cikin kile mai gigabait 8. Da an kunna na'ura a danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, a zaɓi kilen a layin da aka rubuta UEFI, domin idan Windows ta UEFI ta shiga, aka kuma shigar da Linux ta tsohuwar hanya, ɗaya ba za ta ga ɗaya ba.

Linux yana tashi daga kile ba tare da ya taɓa faifai ba, kuma nan ne mai hankali zai gwada sauti da Wi-Fi da madannai kafin ya yanke shawara. Idan mai girkawa ya ce bai ga faifai ba, mafi yawa an saita shi ne a kan RST a cikin UEFI, sai a mayar da shi AHCI, tare da sanin cewa Windows na iya ƙin tashi in ba a shirya ta tukuna ba. Kada a soma rabon faifai sai batir ya cika, domin in wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakiyar aiki a kan na'ura mai mataccen batir, hasarar ba ƙarama ba ce.

Saura abu biyu da suka shafe mu musamman. Na'urorin da suka zo daga Faransa jerin AZERTY gare su, na Kano kuwa QWERTY, sai a zaɓi wanda ya dace tun kafin a rubuta kalmar sirri, a kuma ƙara jerin Hausa, wanda Linux ke zuwa da shi, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Na biyu kuwa agogo ne: Linux yana ajiye lokacin duniya a allon na'ura, Windows tana ajiye na gari, Nijar kuma tana gaba da sa'a 1, saboda haka wanda ya bar manhajojin biyu tare zai ga agogonsa ya saɓa da sa'a guda duk lokacin da ya sauya, har sai ya umurci ɗayarsu ta bi lissafin ƴar'uwarta.