Daga Tahaggart: Hirar jirgin ƙasa a garin da babu layin dogo

Kwanana uku da sauka a Tamanrasset, muna zaune da kawuna a ƙofar shagonsa da ke unguwar Tahaggart bayan La'asar, sai ga wata babbar mota ta tsaya a bakin titi, maƙare da buhunan dabino. Direban ya sauko da ƙyar, fuskarsa fari fat da ƙura. Daga In Salah ya taso, ya ci kusan kilomita 700, ya ratso ta kwazazzabon Arak. Kawu ya bi motar da kallo, ya kurɓi shayi, ya ce, "Ka ga wannan duka? Da akwai jirgi, tarago ɗaya ne."

Na yi dariya na ce, "Kawu, ina ka san jirgin Aljeriya, kai da ko tasha babu a garinku?"

"Kai yaro, na hau shi. Daga Bechar har Oran, dare guda, a kwance. Na tashi da asuba ban san na yi tafiya ba."

Ga wanda bai san Tahaggart ba, unguwa ce da za ka yini ba ka nemi tafinta ba. Masu ɗinki, masu waina, leburorin gini, masu gyaran takalma, yawanci 'yan Damagaram ne da Maraɗi da Tawa da Agadas, sai tsirarun Kanawa da Katsinawa. Duk abin da suke ci da wanda suke sayarwa a kan tayar mota yake zuwa, domin tsakaninsu da Aljiyas, babban birnin ƙasar, akwai kusan kilomita 2,000. Shi ya sa maganar dogo ba ta ƙarewa a majalisar shayi. Ni kuma ɗan Nguru ne, da kukan jirgi na tashi, don haka na kasa barin zancen ya wuce. Wane layi ne wannan da kawu ya kwana a cikinsa, kuma yaya aka yi ya rayu?

Maganar dogo a wannan yanki ta girmi kusan duk wani gini da ke Tamanrasset. A Disamban 1880 Kanar Paul Flatters ya bar Ouargla da mutane kimanin 90, Faransa ta turo shi ya auno hanyar da za a shimfiɗa layin dogo daga Aljeriya zuwa ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi, wato mu ke nan, ƙasar Hausa da Borno. Abzinawan Ahaggar sun aika masa cewa kada ya shigo, ya ƙi ji. Ranar 16 ga Fabrairun 1881 suka auka masa a wata rijiya da ake kira Bir el-Garama. Waɗanda suka tsira suka juya arewa a ƙasa, a hanya aka ba su dabino mai guba, kuma ba Bafaranshe ko ɗaya da ya koma gida. Sai bayan shekara 21, a yaƙin Tit na 1902, nan kusa da Tamanrasset, Faransa ta iya karya Ahaggar. Amma kafin nan ta riga ta juya akalar dogonta zuwa yamma.

A yamman ne Bechar take, kusa da iyakar Maroko, kuma layuka biyu ne suka taɓa shiga garin. Na farko siriri ne, tazarar ƙarafansa milimita 1,055, ya ɗan gaza namu na Najeriya mai 1,067. Ya taso daga Arzew a bakin teku, ya bi ta Saida da Mecheria da Ain Sefra, ya isa Bechar a farkon shekarun 1900. Aikinsa biyu: kwasar ciyawar halfa da ake yin takarda da ita a Turai, da kai sojoji kudu.

Na biyu shi ne mai mummunan tarihi. A Maris ɗin 1941 gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus ta Hitila, ta yi dokar gina layin da ta kira Bahar Rum zuwa Neja. Nufinta ya tashi daga Bouarfa a Maroko, ya ratsa Sahara, reshe ɗaya ya nufi Segu a Mali ta yau, ɗaya ya nufi Yamai. Fursunoni aka sa suka fasa duwatsunsa: 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sifaniya, da Yahudawa, da baƙin da suka shiga sojan Faransa aka sallame su. An tsare su a sansanoni irin su Hadjerat M'Guil, inda azaba ta kashe wasu, har aka gurfanar da masu gadin a kotu a Aljiyas a 1944. Layin ya kai Bechar da mahaƙar kwal ta Kenadsa. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara jan sa zuwa Abadla a 1948, kilomita kusan 90 kudu da Bechar, nan kuɗi da ɗoki suka ƙare. Da Aljeriya da Maroko suka gwabza a kan iyaka a 1963, sai layin ya zama marayan da ya rabu gida biyu, cikin 'yan shekaru aka rufe ɓangaren Aljeriya.

Siririn layin kuwa ya sha wuyar da ta fi wannan, amma bai mutu ba. Lokacin yaƙin neman 'yanci, 1954 zuwa 1962, mayaƙan FLN sun riƙa dasa masa bama-bamai, saboda da shi Faransa ke ciyar da sojojinta na kudu maso yamma. Ita kuma Faransa, daga 1957, ta kafa shingen waya mai ƙaya da lantarki a iyakokin Maroko da Tunisiya, ta binne nakiyoyi miliyoyi. A yankin Ain Sefra zuwa Bechar, shingen da dogon kusan tare suke tafiya. Da aka samu 'yanci, Turawan da ke riƙe da aikin reluwe suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar, aka bar 'yan ƙasa da tsoffin kawunan jirgi da ƙasar da ba a san inda za a taka ba. Makiyaya da yaransu sun daɗe suna rasa ƙafafu a wurin. Faransa ba ta miƙa taswirar inda ta binne nakiyoyin ba sai a 2007, shekara 45 bayan ta fita. Ga kuma shekarun 1990, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa ƙona jirage da tashoshi a sassan ƙasar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka jera aikin da aka tashi gyara. Tsakanin Mecheria da Bechar kilomita 360 ne. Kafin injiniya ya ajiye ƙarfe ɗaya, sai da sojoji suka bi hanyar suna tono nakiyoyi, aikin da ya ɗauki shekaru. Sannan aka ƙi yin faci. An yi watsi da siririn layi aka shimfiɗa mai faɗin milimita 1,435, aka kuma gina sabon yanki daga Redjem Demouche zuwa Mecheria don ya haɗu da sauran layukan arewa, ba sai an sauke kaya an sake lodi ba. A 2010 jirgin Oran zuwa Bechar ya fara zirga-zirga, tafiyar kusan kilomita 700. Shi ne kawu ya hau, wata shekara da ya je Adrar sarin dabino ya zarce. Zuwa 2017 Aljeriya ta sanar da cewa ta gama share nakiyoyin zamanin mulkin mallaka, sama da miliyan 8 aka tono tun daga 1963.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon Aljeriya na zo yi. Daga 1962 zuwa 2010 shekara 48 ke nan, wanda aka haifa ranar 'yanci ya yi furfura kafin ya ga sabon jirgin. Kuɗin man fetur da gas na shekarun 2000 ne ya biya, kuma Bechar hedkwatar soja ce a kan iyakar da aka rufe tun 1994. Yanzu ma da aka ja layin ya wuce Bechar, tamar ƙarfe ce ta ja shi. A ƙarshen 2023 Shugaba Abdelmadjid Tebboune ya aza harsashin layi mai kilomita 950 zuwa Tindouf da mahaƙar Gara Djebilet, aikin da aka ba kamfanin CRCC na China da Cosider na gida. Ta Abadla ya bi, inda ƙarafan Faransa suka tsaya a 1948. Gwamnati ba ta kai dogo don Allah, sai ta hango abin da za ta ɗauko.

Da na faɗa wa kawu haka, sai ya ce, "To mu me za ta ɗauko a nan, duwatsu?" Wani tela ɗan Maraɗi da ke gefe ya ce ai an ce yana zuwa. Gaskiyarsa, an ce. Dogon da ya nufo kudu daga Aljiyas ya riga ya kai Laghouat. Kashi na gaba shi ne Laghouat zuwa Ghardaia zuwa El Menia, kilomita 495, wanda Bankin Raya Afirka ya amince ya ba da rancen fara shi. Daga El Menia kuma akwai sama da kilomita 1,000 kafin a zo nan, ta In Salah mai rairayin da ke binne titi, sannan a hau tsaunuka, domin Tamanrasset tana sama da mita 1,300 daga bakin teku. Mutanen gari ba sa raina alkawarin, saboda sun ga irinsa ya cika: kwalta ta iso a 1978, ruwan famfo kuma tun 2011 daga In Salah ake turo shi ta bututu mai tsawon kilomita 750.

Ina sauraronsu, hankalina yana gida. Mu ma muna da layin da yaƙi ya taka har sau biyu. Layin gabas, Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443. Yankinsa na ƙarshe, daga Kuru ta Bauchi da Gombe, an gina shi ne tsakanin 1958 da 1964 da rancen Dala miliyan 28 daga Bankin Duniya. Shekara uku kacal da buɗe shi yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya yanke hanyar zuwa teku har 1970. Aka gyara gadoji, aka yi faci, har aka ɗauko Indiyawan kamfanin RITES suka riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, suna tafiya aka koma gidan jiya. Sai kuma Boko Haram. Markaz ɗin Muhammad Yusuf da aka rusa a 2009 a unguwar reluwe yake, kusa da tashar jirgin Maiduguri, kuma dogon ta Buni Yadi yake bi kafin ya shiga birnin.

A Maris ɗin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin gaba ɗaya. Abin da ya fara aiki a 2024 shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 60 da 'yan kai, kuma siririn layin aka maimaita. A wasu wuraren an tumɓuke tsoffin ƙarafa, sababbi ba su zo ba. Duk lokacin da ake maganar ɓangaren arewa, kuɗi ake ambata da ranar kammalawa. Ni tambayata ita ce wa zai bi dajin da ke tsakanin Bajoga da Buni Yadi da Maiduguri taku bayan taku, ya tabbatar babu abin da aka binne? Manoman Borno da Yobe har yau suna taka bama-baman da 'yan ta'adda suka dasa, kuma su babu wata taswira da za a jira a miƙo.

Ko da duk waɗannan sun tabbata, akwai wawakeken giɓi a tsakiya. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka fara a 2021, a Maraɗi zai tsaya. Nijar kuwa dogonta ɗaya tilo, na Yamai zuwa Doso da aka buɗe a 2016, bai taɓa yin aikin kirki ba. Daga Maraɗi zuwa Agadas, zuwa Arlit, zuwa Assamaka, zuwa In Guezzam, sannan kilomita 400 zuwa nan, duk mota ce. A wannan hanyar ce mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kantche, suka mutu da ƙishirwa a Oktoban 2013 bayan motocinsu sun lalace.

Wani matashi mai gyaran takalma da ya daɗe yana jin mu bai ce uffan ba, sai ya ɗago ya ce, "Baba, ko jirgin ya zo ƙofar shagon nan, wa zai sayar mini da tikiti ba takarda?" Majalisa ta yi tsit. Kawu yana da takardar zama, shi ya sa ya kwana a jirgin Oran. Yawancin 'yan unguwar ba su da ita, kuma tafiyar da suka fi sani ita ce ta ayarin motocin da ke kwasar mutane zuwa iyaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai, wasunsu a ajiye su a fili su taka kilomita 15 zuwa Assamaka.

Kawu bai ba shi amsa ba, ya dai zuba masa shayi na uku. Gab da Magariba direban motar dabinon ya dawo daga wanka, ya zagaya yana buga tayoyi da ƙafa, yaransa suna ɗaure jarkokin ruwa a gefe. In Guezzam za su kwana. Ni ma jibi zan bi hanyar. Kawu ya shiga shago ya fito da ƙullin dabino ya ce in kai wa mahaifiyata, ya kuma ce in na je tasha in nemi kujerar hannun dama, don rana ta hagu take dukan mutum har azahar.